Tunawa da Bram Moolenaar: wa ke aiki da Vim a zauren nan?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau 3 ga Agusta. A irin wannan rana ce a 2023 Bram Moolenaar ya rasu yana da shekara 62. Na san da yawanmu ba su taɓa jin sunan ba, amma duk wanda ya taɓa shiga saba (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) daga nesa ta SSH ya buga vim don ya gyara fayil, to ya ci gajiyar mutumin nan. Ɗan ƙasar Holan ne, haifaffen garin Lisse. Shi ya rubuta Vim, manhajar rubutu da gyaran fayil a tagar umarni, ya sake ta ga jama'a a 1991, kuma bai daina rainonta ba sai 'yan makonni kafin rasuwarsa.

Shekarata 14 ina aikin kula da sabobi, kuma ban tuna ranar aiki ɗaya da ta wuce ban buɗe Vim ba. Ko sisi ban taɓa biya ba. Abin da kawai mutumin ya roƙa yana nan a fuskar farko idan ka buɗe ta babu fayil: wani gajeren layi da ke cewa a taimaki yara marasa galihu a Yuganda. Da safen nan na buɗe na ga layin, jikina ya yi sanyi, na ce bari in kawo maganar nan zaure. Yaba kyauta tukwici. Wanda ke aiki da ita ya gaya mana yadda suka haɗu.

Ummi:
Wa alaikumus salam Malam. Ni haɗuwarmu ba ta yi daɗi ba. Ina ajin farko na koyon Git, manhajar adana tarihin gyare-gyaren aiki, na buga git commit ban sa saƙo ba, sai kawai allon ya canza. Na yi ta danna madannai, wasu haruffa na fitowa wasu na ɓacewa, na rasa hanyar fita. Ƙarshe rufe tagar na yi gaba ɗaya, hankalina a tashe, ina zaton na lalata aikin da zan miƙa washegari. Tun daga ranar nake gudunta. Don Allah me ya sa aka yi ta haka?

Malam Habibu:
Ƙanwata, abin da ya same ki ya sami ɗimbin mutane. Tambayar yadda ake fita daga Vim a Stack Overflow, shafin tambayoyin masu rubuta manhaja, ta kai kallo miliyan 1 tun a 2017. Ga hanyar: ki danna Esc, ki rubuta :wq ki danna Enter, zai adana ya fita. In ba kya son adanawa, :q! ne. Ki rubuta biyun nan a takarda ki liƙa a gefen kwamfutarki.

Dalilin ruɗewar shi ne tana da yanayi fiye da ɗaya. A manhajojin da kika saba, duk harafin da kika danna rubutu ne. A Vim kuwa, idan kika shiga, kina yanayin umarni, kowane harafi saƙo ne kike ba ta. Sai kin danna i za ki shiga yanayin rubutu, Esc kuma ya maido ki.

Nazifi:
Malam, ina girmama ka kuma ina miƙa ta'aziyya ga masoyan mamacin. Amma a bar ni in faɗi gaskiyata. Abin da Ummi ta faɗa aibi ne babba, kada mu lulluɓe shi da yabo. Manhajar da mutum miliyan sai sun yi tambaya kafin su fita daga cikinta tana da matsala. Ina koyar da yara rubuta manhaja duk ƙarshen mako. Yaro yana da wutar awa biyu ko uku a rana, kwamfutar ma ta aro ce. In ce masa ya ɓata mako biyu yana koyon yadda zai matsa daga layi zuwa layi? VS Code, manhajar zamani ta rubuta manhaja, zan ɗora masa, cikin minti biyar ya fara rubuta Python, tana nuna masa kuskurensa da jan layi. Lokacin Vim ya wuce ga mai koyo.

Injiniya Lawal:
Nazifi ɗana, ka yi magana mai ma'ana, zan dawo kanta. Bari in fara amsa wa Ummi dalilin da ya sa aka yi ta haka, domin akwai tarihi a ciki.

Vim jikar wata tsohuwar manhaja ce mai suna vi, wadda Bill Joy ya rubuta a 1976 yana ɗalibi a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Shi ne daga baya aka kafa kamfanin Sun Microsystems da shi. A lokacin babu linzamin kwamfuta a gabansa. Na'urar da yake aiki da ita sunanta ADM-3A, allo ne kawai da madannai, ba ta da madannan kibiya daban. An zana kibiyoyin ne a kan haruffan h, j, k da l. Shi ya sa har gobe h ke kai ki hagu, j ƙasa, k sama, l dama. Madannin Esc kuma a na'urar yana daidai inda Tab yake a namu na yau, kusa da ɗan ƙaramin yatsa. Ga layin sadarwarsa mai tafiyar hawainiya, har kana iya ganin haruffa na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Dole kowane umarni ya zama gajere, harafi ɗaya ko biyu, ya yi aiki mai yawa.

Shi kuwa Bram injiniyan lantarki ne, ya yi karatu a jami'ar fasaha ta Delft. Ya saba da vi a kan tsarin kwamfuta na Unix, sai ya sayi kwamfuta Amiga a 1988 ya tarar babu vi mai gamsarwa a kanta. Ya samu wata kwaikwayon vi mai suna Stevie, wadda aka fara rubutawa don kwamfutar Atari ST, ya ɗauki tushenta ya yi ta gyara don amfanin kansa. A watan Nuwamba 1991 ta fita ga jama'a a cikin faifan da Fred Fish ke tattara manhajojin kyauta yana rarraba wa masu Amiga, faifai mai lamba 591. Da farko sunan na nufin kwaikwayon vi, da ta zarce uwar tata sai aka mayar da ma'anarsa vi da aka inganta.

Abin da nake so ku lura da shi, matsalar da aka gina vi don ta warware, wato layi mai rauni da na'ura mai ƙaramin ƙarfi, ta ƙare a Kalifoniya tuntuni, amma mu a nan har yanzu muna cikinta. Na sha zama a ƙauye da sabis mai sanda ɗaya, na shiga saba na gyara layi uku na fito, a lokacin da ko shafin intanet ɗaya ba ya buɗewa.

Nazifi:
Baba Injiniya, na yarda da batun saba. Amma ai akwai nano, wata manhajar gyaran fayil mai sauƙi. Tana rubuta maka umarninta a ƙasan allo, ba ka buƙatar haddace komai.

Injiniya Lawal:
Akwai ta, in an ɗora ta. Vi kuwa tana cikin POSIX, ƙa'idar da tsarin Unix ke bi, shi ya sa da wuya ka shiga na'urar Unix ko Linux ka rasa wani nau'inta, har ƙananan na'urorin rarraba intanet masu BusyBox. Ranar da saba ta ƙi tashi da ƙarfe biyun dare, ba ka da hanyar sauke komai, abin da ka tarar a ciki da shi za ka yi aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ban ce ka raba yaranka da VS Code ba. Ka ba su rabin awa ɗaya tak su buga vimtutor a tagar umarni, darasi ne da ke zuwa tare da ita, kana karantawa kana gwadawa a cikin fayil ɗin kansa. Wanda ya ga dama ya ci gaba, wanda bai gani ba ya san hanyar shiga da fita.

Malam Habibu:
Nazifi, kalmar haddacewa da ka faɗa ita nake so in taɓa, domin nan ne mutane ke yi wa Vim gurguwar fahimta. Ni ma shekara biyun farko hadda na yi, ina ta wahala. Sai wani abokin aiki ya zauna kusa da ni ya nuna min cewa yare ne mai nahawu. Akwai aikatau, akwai abin da aikin ya faɗa wa, akwai adadi.

Duba nan. Harafin d na nufin share, c na nufin canza, y na nufin kwafa. Waɗannan su ne aikatau. Sai w kalma, $ ƙarshen layi, ip sakin layin da kake ciki. To haɗa su: dw share kalma, d3w share kalma uku, d$ share har ƙarshen layi, yip kwafi sakin layin nan duka. Ba wanda ya koya min c3w, da na san c na san 3w sai jimlar ta fito da kanta. Duk sabon aikatau ɗaya da ka koya, zai yi aiki da duk sunayen da ka riga ka sani.

Wanda ya fi burge ni shi ne ci". A ce kana da layi mai rubutu a tsakanin alamun zance biyu, kana so ka canza abin da ke ciki. Da linzami sai ka kai hannu, ka saita daidai bayan alamar farko, ka ja har gaban ta biyu, sau da yawa ka haɗa da alamar ka sake. A Vim ko'ina manuninka yake a cikin zancen, danna c, i, da alamar zance. Cikin ya share, alamun na nan, kana yanayin rubutu. Wannan ɓangaren na "cikin abu" babu shi a tsohuwar vi, a Vim aka ƙara shi.

Sai ɗigo. Madannin . yana maimaita canjin da ka yi na ƙarshe. Ka gyara wuri ɗaya, n ya kai ka wuri na gaba da ka nema, ɗigo ya maimaita. Yatsu biyu, ka gama da wurare ashirin kana duba kowanne da idonka.

Hajiya Rabi:
Sallama gare ku. Ni ba mai rubuta manhaja ba ce, aikina fassara da tace rubutun Hausa, kuma da Vim nake yi shekara shida ke nan. Ɗana ne ya ɗora min Linux a tsohuwar kwamfutata da ta fara nauyi, ya nuna min vimtutor ya koma makaranta.

Abin da ya riƙe ni shi ne haruffa masu lanƙwasa. Kun san wahalar da muke sha: marubuci ya turo maka shafi 80 babu ɓ babu ɗ babu ƙ ko ɗaya, ko ya rubuta su da alamar ɗauri, k' da d' da b'. Na sa waɗannan a .vimrc nawa, wato fayil ɗin saitin Vim:

inoremap ;b ɓ
inoremap ;d ɗ
inoremap ;k ƙ
inoremap ;B Ɓ
inoremap ;D Ɗ
inoremap ;K Ƙ

Ina cikin rubutu in danna ; da k, ƙ ta fito. In na zauna a kwamfutar da ba tawa ba, Ctrl-V sannan u0199 na ba ni ƙ, u0253 ɓ, u0257 ɗ. Wanda kuma ya rubuto da alamar ɗauri, layi ɗaya ne maganinsa: :%s/k'/ƙ/gc. Wannan c ta ƙarshe tana da muhimmanci, ita ke sa ta tsaya a kowane wuri ta tambaye ni in canza ko in bari, domin wani lokaci alamar ta rufe zance ce.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Ina tace wani dogon rahoto kan kiwon lafiyar mata masu juna biyu, batirin kwamfutar ya riga ya mutu sai da wuta take aiki. Na yi kusan awa uku ban adana ba, aka ɗauke wuta. Na zauna cikin duhu na dafe kai, don da safe za a karɓi aikin. Da aka tada janareto na buɗe fayil ɗin, sai ta nuna min saƙo cewa ta tarar da wani ɓoyayyen fayil mai ƙarewa da .swp, ko ina so ta dawo da abin da ke ciki. Na danna R. Komai ya dawo, in ban da rabin jimlar da nake kai. Na yi hamdala a fili har 'yata ta fito tana tambayar lafiya.

Malam Habibu:
Hajiya, sannu da ƙoƙari. Abin da ya cece ki, tana zuba canje-canjenki a wannan ɓoyayyen fayil duk bayan harafi 200, ko in kin ɗaga hannu na daƙiƙa 4. Wanda abin ya same shi, vim -r da sunan fayil ɗin ma na dawo da shi. Ki gwada wannan kuma: :earlier 10m. Zai maido rubutun yadda yake minti goma da suka wuce, :later ya dawo da ke gaba. A Vim 7 ta 2006 aka kawo shi.

Issoufou Damagaram:
Gaisuwa ga ƴan'uwa daga Zinder. Hajiya, a ƙara mana layi ɗaya: inoremap ;y ƴ. Mu a Nijar da ƴ mai lanƙwasa muke rubuta abin da kuke rubutawa da 'y. In rubutu ya zo min daga Kano sai in yi :%s/'y/ƴ/gc, in zan mayar muku in juya shi.

Wahalarmu daban ce. Madannanmu tsarin Faransa ne, AZERTY. Haruffan h j k l suna wurinsu, alhamdulillahi, alamar : ma ta fi sauƙi a wurinmu don ba ta buƙatar Shift. Amma lambobi sai da Shift, don haka d3w ɗin Malam Habibu ya fi mana tsada. Su [ da ] da { kuwa sai an haɗa da AltGr, yatsu su karkace. Na daɗe ina fama kafin na gane cewa kusan kowane madanni ana iya canza masa aiki a .vimrc. Yanzu na ɗora wasu a kan é da è waɗanda ba sa komai a yanayin umarni.

Kuma masu Ajami su sani tana da :set rightleft mai juya rubutu daga dama zuwa hagu, da :set arabic. Yadda zai fito a ido ya danganta da tagar umarnin da kake ciki da irin zanen haruffan da ka ɗora.

Kabiru:
Na karanta duka, na ƙaru. Amma tunda muhawara ce, akwai gefen da ba a taɓa ba. Ni Neovim nake amfani da ita, wani reshe da ya ɓalle daga Vim, kuma dalilin samuwarta yana da alaƙa da yadda marigayin ya riƙe aikin. Shekara da shekaru duk gyaran da zai shiga Vim sai ya bi ta hannunsa shi kaɗai. Mutane su turo gyara ya daɗe yana jira. Wani ɗan Barazil, Thiago de Arruda, ya kawo gyaran da zai ba ta damar yin aiki a bayan fage ba tare da allon ya daskare ba, ba a karɓa ba, sai ya ɓalle ya kafa Neovim a 2014. Sai a 2016 Vim 8 ta fito da irin wannan damar. Neovim ta rungumi yaren Lua, a 2021 ta kawo LSP a cikinta, wato abin nan da ke ba VS Code ikon nuna kuskure da cika maka suna. Shi kuma ya tafi ya ƙirƙiro sabon yarensa, Vim9, wanda ya fito a Vim 9.0 a 2022, kuma babu inda ake amfani da shi sai a Vim. A ganina wannan ya raba kan jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Nazifi:
Yauwa Kabiru. Irin abin da nake nufi ke nan, a yaba amma a faɗi inda aka gaza.

Injiniya Lawal:
Kabiru bai faɗi ƙarya ba. Jinkirin ya faru, kuma ina cikin masu ganin gasar Neovim ta amfani Vim. Batun Vim9 ma ra'ayina ya fi kusa da naka.

Amma ku juya abin ku dubi bayansa. Fayil ɗin .vimrc da na rubuta wajen 2004 har yau yana aiki, na ɗauke shi daga kwamfuta zuwa kwamfuta ban san adadi ba. Ku gaya min manhaja nawa ce za ta yi muku haka. Wannan ɗorewar daga taurin kan nasa ta fito. Ba ya karɓar abin da zai karya wa tsofaffin masu amfani aikinsu, ko ya hana ta tashi a kan wata tsohuwar na'ura da wani ke fama da ita a wani lungu na duniya. Mai sabuwar kwamfuta zai ga jinkiri ne kawai. Mu da muka yi rayuwa da kwamfutocin gwanjo mun san amfanin mutumin da ba ya jefar da na baya.

Ku je GitHub, shafin da ake ajiye tushen manhajoji, ku buɗe tarihin gyare-gyarenta. Kowane gyara yana da lambarsa, kuma da layi biyu: ɗaya ya faɗi matsalar, ɗaya ya faɗi maganin, tare da sunan wanda ya kawo gyaran in wani ne. Tsakanin 8.2 da 9.0 kaɗai irin waɗannan sun haura 5000. Daga 2006 zuwa 2021 yana aiki da Google a Zurich, amma wannan bai tsaya ba. Sai kuma littafin taimakonta. Buga :help da kowane umarni, za ka samu bayani cikakke da mahaɗai zuwa abin da ya shafe shi, ba ka buƙatar data ko kaɗan. Na koyi rabin abin da na sani a cikinsa a daren da babu sabis.

Kan batun hannu ɗaya kuwa, tsoron da kowa ya ji a Agustan 2023 ke nan. Amma waɗanda suka daɗe suna taya shi, irin su Christian Brabandt, sun ɗauki ragamar. A Janairun 2024 suka fitar da Vim 9.1 suka sadaukar da ita gare shi.

Kabiru:
Na karɓi wannan, Baba. Kuma in yi adalci, duk abin da nake jin daɗinsa a Neovim, su ci" da ɗigo da :help, gadonsa ne. Har layin yaran Yuganda ba su cire ba.

Ummi:
Wai mene ne labarin Yugandan nan? Me ya haɗa Baturen Holan mai rubuta manhaja da yaran can?

Malam Habibu:
Wannan ne ainihin abin da ya sa na buɗe zancen, na gode da kika tambaya. Akwai wani ƙaramin gari mai suna Kibaale a kudancin Yuganda, yankin Rakai, kusa da iyakar Tanzaniya. Yankin na cikin wuraren da cutar ƙanjamau ta fi yi wa ɓarna, ta kashe iyaye ta bar marayu a hannun kakanni da yayye waɗanda su ma yara ne. Akwai wata cibiyar kula da yara a garin mai makaranta da asibitin sha-ka-tafi. A 1994 Bram ya je can aikin sa kai, ya yi shekara guda yana aikin samar da ruwa mai tsabta da tsaftar muhalli. Da ya koma gida sai suka kafa gidauniyar ICCF Holland don tara wa cibiyar kuɗi, shi ne ma'ajinta, kuma ya ci gaba da komawa yana duba yadda ake kashe abin da aka tara, yana rubuto rahoton ziyararsa.

Sai ya ɗaure manhajarsa da wannan aikin. Lasisin Vim ya ba ka damar amfani da ita, ka kwafa, ka raba, ka gyara, kyauta. Ba a tilasta maka komai. Roƙo ne kawai: in ta amfane ka, ka tuna da yaran Kibaale. Akwai lokacin da masu amfani da ita ke turo masa kuɗin tallafi don ya samu sukunin aiki a kanta, har suna jefa ƙuri'a kan abin da suke so a ƙara. Da ya samu aikin albashi sai ya ce kuɗin nan ma a wuce da su Yuganda.

Ki yi tunanin yawan kwamfutocin da Vim ke ciki, kusan kowace Linux da kowace Mac. Mutum ya samu fili irin wannan a gaban idon miliyoyin mutane, wani da tallar kansa zai sa, ko ya sayar da filin. Shi marayun wani gari ya sa, garin da yawancin masu buɗe manhajar ba za su iya nuna shi a taswira ba. Ki buga :help uganda ki karanta da kanki, da bakinsa ya rubuta.

Hajiya Rabi:
Shekara shida ina ganin layin nan ban taɓa bin sa ba. Yanzu na buɗe na karanta. Ya yi bayanin makarantar da asibitin da yadda ake ɗaukar nauyin yaro, babu kwarzanta kai ko kaɗan. Malam Habibu, Allah ya saka da alheri da ka tuna mana.

Nazifi:
Wannan ɓangaren ban san shi ba, kuma ya taɓa ni. Ra'ayina kan mai koyo yana nan, ba zan fara wa yaro da Vim ba. Amma Asabar mai zuwa zan ware rabin awar da Baba Injiniya ya ce, kuma zan ba su labarin Kibaale, don yawancinsu suna zaton duk mai rubuta manhaja kuɗi kawai yake bi.

Kabiru:
Nazifi, in wani a cikinsu ya ji daɗin madannan, akwai ƙarin da ake ɗora wa VS Code ya ba ta umarnin Vim, ba sai ya bar inda ya saba ba. Wanda kuma ba shi da kwamfuta, ya ɗora Termux, manhajar tagar umarni, a wayarsa ta Android ya buga pkg install vim. Akwai layin madannai a saman na wayar mai ɗauke da Esc da Ctrl.

Issoufou Damagaram:
Haka ƙanena ya koya, a waya, kafin mu samar masa kwamfuta.

Ummi:
Na dawo. Na yi vimtutor har ƙarshen darasi na uku, na shiga na fita sau biyar ba tare da na duba takarda ba. Na gwada dw da u da p. Abu ɗaya ya tsaya min: ina da fayil mai sunayen ɗalibai 300, kowane layi sunan mahaifi ne a farko sannan sunan ɗalibi, ina so in juya su. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗigo?

Malam Habibu:
Madalla ƙanwata. A'a, wannan aikin naɗar umarni ne. Ki fara kwafe fayil ɗin ki ajiye gefe. In kowane layi suna biyu ne da tazara ɗaya a tsakani, ki tsaya a layin farko ki danna qa, ta fara naɗa ke nan. Sai 0 ya kai ki farkon layi, dw ya yanke sunan farko, A ya kai ki ƙarshen layi a yanayin rubutu, ki sa tazara ɗaya, Esc, sai p ya liƙa sunan, x ya cire tazarar da ta biyo shi, j ya sauke ki layi na gaba, q ya rufe naɗin. Ki gwada @a a layi na biyu ki duba da idonki. In ya yi daidai, ki buga 298@a.

Masu suna uku za su fito a karkace, ki nemo su tukuna ki ware su. In kin tarar da su da yawa ki turo min layi biyar na misali, ki canza sunayen kafin ki turo.